Batirin masunci: Abin da ya kamata a duba a Kura da Bunkure kafin a biya kuɗi

Wanda ya taɓa kwana kusa da madatsar Tiga ko tafkin Ruwan Kanya ya san ƙananan fitilun nan da ke yawo a kan ruwa bayan sallar Isha. Masunta ne ke zagayen kalli da mamarin da suka kafa tun la'asar. A shekarun baya fitilar ƙwai ce a hannunsu, ko tocila mai batiri biyu da ake cusawa a bakin hula. Yau fitilar goshi ce mai caji, ga waya a aljihu an naɗe ta a leda, wasu kuma da batiri a gindin jirgi, an ja masa waya zuwa ƙwan fitila.

Sana'ar ta koma dogaro da caji ba tare da an yi shela ba. Matsalar ita ce yawancin masu sayen batirin nan suna saye ne da ido: wanda ya fi girma, wanda lambar jikinsa ta fi yawan sifili, ko wanda mai shago ya rantse cewa "ɗan Jamus ne". Bayan wata huɗu ko biyar batirin ya fara mutuwa da tsakar dare, a koma kasuwa a sake zuba kuɗi.

Ga mutumin da ribarsa ta yini ba ta wuce kwandon karfasa da 'yan tarwaɗa ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ruwan da ake magana a kai ba baƙo ba ne ga mutanen yankin. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga nan ruwa ke bin babbar hanyarsa ta Ruwan Kanya ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Noman shinkafa da alkama da tumatir aka yi aikin dominsa, amma inda ruwa ya zauna kifi ba ya rasa zuwa. Su ya zama sana'a ta biyu ga gidaje da dama, ga wasu ma ita ce ta farko. Daga baya kiwon kifi ya shigo, na tankin siminti da na tamfol da na kududdufi, ga kuma cibiyar ƙyanƙyasar kifi ta Bagauda ba nisa.

Don haka masu neman batiri a nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai masuncin dare, wanda buƙatarsa haske ce da cajin waya. Akwai mai ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, wanda ƙaramin famfon hura iska ne rayuwar jarinsa. Akwai dillalin da ke ɗaukar kifi da ransa zuwa Kano. Na'urar nan mai nuna zurfin ruwa da inda kifi ya taru, wadda masunta a Turai da Amurka ke saya wa batiri na musamman, ba ta yaɗu a nan ba tukuna. Ko da ta yaɗu ba ita ce matsalar ba, domin ƙaramarta ba ta cin ko rabin amfiya. Fitila da famfo ne ke shanye caji.

Lissafi kafin kasuwa

Abin da ya kamata ya zo farko shi ne lissafin da kusan babu mai yinsa. Kowace na'ura tana da adadin wat da take ci, a rubuce a jikinta ko a kwalinta. A ninka wat ɗin da yawan awannin da za ta yi tana aiki, abin da ya fito shi ne abincinta na dare ɗaya.

A ɗauki masunci mai fitilar wat 10 da zai kunna awa 8. Wannan 80 ke nan. Cajin waya sau ɗaya bai wuce 15 ba. Idan yana da ƙaramin famfon iska mai wat 5 da zai yi awa 10 a robar da yake tara kifi, an ƙara 50. Jimla 145. A ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda abin da ke zurarewa a wayoyi da daren da aiki ya yi tsawo, an kusa 200.

Shi kuma batiri, a ninka bolt ɗinsa da lambar Ah da ke jikinsa. Mai bolt 12 da 7Ah, irin wanda ake gani cikin na'urar UPS ta kwamfuta, yana ɗauke da 84. Mai 20Ah yana ɗauke da 240 ko ɗan fiye.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Batirin dalma, wato mai ruwan asid da ɗan'uwansa rufaffe da ake kira busasshe, ba a shanye shi duka. Rabin abin da ke cikinsa ne na mai shi. Duk daren da aka tatse shi har fitila ta dushe, an rage masa kwana. Saboda haka masuncin da ke buƙatar 200 sai ya nemi na dalma mai 35Ah, wanda nauyinsa ya kai kilo 10 ko fiye. Idan na litiyam ne irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai 20Ah ya ishe shi, domin ana iya cin kusan duk cajinsa, kuma nauyinsa bai wuce kilo 3 ba.

Wanda bai taɓa saɓa batiri a kafaɗa daga bakin ruwa zuwa shagon caji ba zai ga kamar kilo 7 ba wani abu ba ne. Wanda ke tuƙa ƙaramin jirgin katako da ruwa ke tsattsafowa ta gindinsa, ga koma jiƙaƙƙiya, ga kifi, ga yaron da ke kwarfe ruwa, ya san bambancin.

Batirin mota ba na wannan aikin ba ne

Zaɓin da ya fi jan hankali shi ne tsohon batirin mota. Yana da arha, ana samunsa a Ƙofar Ruwa da wajen kowane mai gyaran wayar mota, kuma girmansa kaɗai yana kwantar da hankali. Amma an ƙera shi ne don aiki ɗaya: ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, nan take injin ya mayar masa da abin da ya bayar. Farantan dalmar cikinsa sirara ne. Idan aka mayar da shi mai ciyar da fitila dare bayan dare, farantan suna lalacewa da sauri. Sabo ma ba ya jure wannan, balle wanda direba ya riga ya cire saboda ya daina tayar masa da mota.

Haka batirin babur. Yana da sauƙin ɗauka, amma cikinsa kaɗan ne, halinsa kuma irin na babban ne.

Sai zafi. Ana auna ƙarfin batirin dalma ne a ma'aunin zafi 25. Ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce duk ƙarin maki 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon rayuwarsa biyu. A Kano kuwa, watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan kai 40. Batirin da ya yini a rana cikin jirgin da aka ɗaure a bakin ruwa, ko a ɗakin kwano da babu taga, yana tsufa ne ko ba a kunna komai ba. Garantin shekara biyu da aka buga a kwalinsa ba da wannan ranar aka yi lissafinsa ba.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi a nan shi ne, duk wanda ke shiga ruwa kusan kullum, ko yake da tankin ƙyanƙyasa, litiyam irin LiFePO4 ya fi masa, duk da cewa kuɗinsa na farko kan ninka na dalma sau biyu ko fiye. Nagarinsa yana ɗaukar caji da sauke shi sau 2,000 ko sama da haka, alhali na dalma da ake tatsa sosai 'yan ɗaruruwa yake yi. Wannan nau'in ya fito ne daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a shekarun 1990, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 2019 saboda aikinsa kan batirin litiyam. Abin da ya bambanta shi da na cikin waya shi ne ba ya saurin kamawa da wuta idan ya yi zafi ko ya ƙwale. A cikin jirgin katako, tsakiyar ruwa, da dare, wannan ya fi kowace lamba da ke jikin kwali muhimmanci.

Mai ƙyanƙyasa ya fi kowa buƙatar ya ji wannan. Iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa tana yin ƙasa ne sosai gab da asuba, daidai lokacin da batirin da aka kunna tun magariba ya gaji, mai shi kuma barci ya yi nauyi. Babbar tarwaɗa tana iya tasowa sama ta shaƙi iska, ta jure. 'Ya'yanta na kwanakin farko ba su kai nan ba, karfasa ma haka. Famfo ya tsaya ƙarfe uku na dare, a wayi gari a tarar da jarin wata guda yana yawo a saman ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, barin janareto ya kwana yana aiki ya fi ƙarfin ƙananan masu kiwo da yawa, shi ya sa batirin ya zama mai gadin dare.

Jabu ya fi na gaske yawa a ido

Sai dai faɗin "a sayi litiyam" shi kaɗai yana iya zama gudun gara a faɗa gidan zago. Kasuwa cike take da fakitin da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin batirin laftof, aka naɗe da shuɗiyar leda, aka manna takarda mai manyan lambobi. Wasu ba su da allon kariyar da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko wayoyi suka haɗu. Fakitin litiyam da babu wannan allon bai cancanci a shiga ruwa da shi ba ko kyauta aka bayar.

Akwai hanyoyin ganewa da ba sa buƙatar boko mai zurfi. Ƙaramar mitar awon bolt, wadda kowane mai gyaran rediyo yake da ita, ta isa. LiFePO4 mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna 13.3 zuwa 13.6. Wanda ya cika amma ya tsaya a 12.6, ko me aka rubuta a jikinsa, wani nau'in ne daban. Na dalma lafiyayye idan ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.8, kuma idan aka jona masa ƙwan fitilar mota na minti biyar bai kamata ya faɗi warwas ba.

Nauyi ma shaida ne. LiFePO4 mai 100Ah yana kai kilo 10 zuwa 13. Wanda aka ce 100Ah ne amma yaro ya ɗaga shi da yatsu biyu, lambar ƙarya ce. Ƙwayar batirin nan mai kama da yatsa da ake sa wa fitilar goshi, mai lamba 18650, mafi kyawunta a duniya ba ta wuce 3,500mAh da wani abin kirki ba. Duk wadda aka rubuta wa 9,900mAh, tun daga kwali ta fara yaudara.

Haka fawa-bank, wanda ya cika shagunan Farm Centre da titin Beirut. Lambar 20,000mAh tana da daɗin ji, amma a kan bolt 3.7 aka lissafa ta, wato 74 ke nan a ma'aunin da aka yi amfani da shi a sama, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya wajen juya wutar. Ya isa waya da fitilar goshi, kuma ga mai jefa birgi a bakin kwalbati na awa biyu ko uku shi ne daidai, ba sai ya wahalar da kansa da babban batiri ba. Amma ba zai riƙe famfo har asuba ba.

Cinikin da ya dace ya fi kama da haka: "Alhaji, a cika shi a gabana, a sa mita in gani, a rubuta min rasit da garanti." Idan amsar ita ce "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" to akwai shago na gaba. Ɗan kasuwar da kayansa ke da kyau ba ya jin haushin mita.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Masuncin da ke cin abin da ya kama a ranar ba shi da kuɗin da zai tara ya sayi na shekara biyar. Gaya masa cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne bai sa kuɗin a aljihunsa ba. Gaskiya ne. Ga irin wannan, ƙaramin busasshen batirin dalma mai 7Ah zuwa 12Ah, sabo, da fitila mai wat 3 zuwa 5 a madadin mai wat 10, ya fi tsohon batirin mota nesa ba kusa ba, muddin zai riƙa cika shi kowace safiya. Abin da ke kashe na dalma da wuri shi ne a bar shi babu caji kwana biyu ko uku. Rage abin da ake ci ya fi ƙara girman batiri arha, kuma wannan shawara ce da mai shago ba zai bayar ba.

Amma hujjar talauci ba a kan masunci kaɗai ta faɗa ba. A tafkin Victoria, inda masunta a Kenya da Tanzaniya ke kama ƙananan kifi da dare ta hanyar jawo su da haske, an daɗe ana ƙona kananzir a fitilu. Daga baya aka kafa tashoshin caji masu sola a bakin ruwa, masunci ya karɓi fitila cikakkiya da yamma, ya mayar da safe, ya biya kuɗin haya kaɗan. Bai sayi batiri ba, bai damu da caja ba. Babu abin da ya hana a gwada haka a mashigar Tiga ko Ruwan Kanya. Masunta suna da Sarkin Ruwa da shugabanninsu, manoman rani suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a lokacin shirin TRIMING na Bankin Duniya, jiha kuma tana da KNARDA. Ana rabon koma da ƙugiya da jirage a taruka, a ɗauki hoto a watse. Rumfa ɗaya mai faifan sola da batura ashirin na haya, a hannun mutanen da za su amsa tambaya idan ta lalace, ta fi irin wannan rabon daɗewa tana amfani.

Ko mutum shi kaɗai, faifan sola mai wat 50 yana iya mayar da kusan 200 ɗin nan a yinin da rana ta buɗe, in ana share masa ƙurar hunturu. Sharaɗin shi ne a sa ƙaramar na'urar daidaita caji a tsakani. Jona faifai kai tsaye da batiri, kamar yadda ake yawan yi, dafa shi ne a hankali. Litiyam kuma cajarsa daban, kada a ɗauki ta mota a sa masa. A sa fiyus kusa da kan batirin. A ajiye shi cikin bokitin fenti mai murfi ko jarkar da aka yanke, sama da inda ruwa ke taruwa a jirgi, amma na dalma a buɗe masa murfin lokacin caji domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Abubuwa biyu da ba sa cikin kwali

Duk inda batiri da inbata suka yi sauƙin samu, wata jaraba tana biyo baya: a zura waya a ruwa a girgiza kifi da lantarki, a kwashe. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta wannan, tare da amfani da guba da abin fashewa. Ko babu doka, masunci na gaskiya ya san illarsa. Lantarki ba ya zaɓen babba ya bar ƙarami, yana kashe 'ya'ya, yana lalata ƙwai, wanda ya tsira ma ya tsira da karyayyen baya. Su ne na rana ɗaya da ke cinye na shekara. Ga shi mai riƙe da wayar yana tsaye ne cikin jiƙaƙƙen jirgi, a hanyoyin ruwan da yara ke wanka, mata ke wanki, makiyaya ke shayar da shanu. Wannan magana ce da ta fi dacewa ta fito daga bakin sarakunan ruwa tun kafin ta kai ga hukuma.

Na biyu shi ne inda mataccen batiri ke ƙarewa. Akan tsiyaye ruwan asid ɗin a ƙasa don a rage nauyi kafin a sayar wa 'yan gwangwan. Wasu kan fasa shi su narka dalmar a tukunya a tsakar gida, su yi nauyin da ake ɗaurawa a bakin birgi. Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama a ƙasa da ƙura, ta shiga jikin yara ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Arewa ta ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Wanda ya fi kama da wannan shi ne na unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. A yankin da ruwa ɗaya ke bi ta gonar shinkafa da ta tumatir da tankin kifi, zubar da asid a bakin hanyar ruwa zubawa ne a tukunyar kowa. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, amma takarda a Abuja ba ta karɓar mataccen batiri a Kura. Abin da mai saye zai iya yi yau shi ne ya mayar da tsohon yadda yake, da ruwansa, ga dilan da zai sayar masa da sabo, a rage masa kuɗi. Yawancinsu suna karɓa, domin dalmar kuɗi ce.

Damina idan ta kankama, masunta da yawa kan jingine jirgi su koma gona, batirin kuma a tura shi ƙarƙashin gado har kaka. A nan batura da dama ke mutuwa ba tare da sun yi aikin komai ba. Na dalma a cika shi kafin a ajiye, a riƙa ƙara masa caji duk wata. Na litiyam a bar shi da kamar rabin caji, a cire masa duk wayar da ke jikinsa, a sa shi a inuwa inda ɗigon rufi ba ya kaiwa.